Yadda wayar hannu za ta nuna wa manomin Kura wutar dajin Falgore

Daga watan Nuwamba, da zarar an gama yankan shinkafa a Kura da Bunkure, hayaƙi kan turnuƙe gonaki. Wasu na ƙona bambaro don su yi saurin shiga noman alkama da tumatir, mafarauta kuma na cinna wa ciyawa wuta don korar gafiya da zomo. Iskar hunturu ba ta san iyakar gonar kowa ba.

Wutar da ta fi shafar manomin rani kuwa, ba ya ma ganin ta. Ruwan da ke bin kanal zuwa Kadawa daga dam ɗin Tiga yake fitowa, wanda aka kammala a 1974, shi kuma kogin Kano sai ya ratsa dajin Falgore kafin ya zuba a cikinsa. Idan dajin ya ƙone, ƙasa ta zauna tsirara, ruwan farkon damina sai ya kwashe ta ya kai dam. A hankali laka ke cinye gurbin ruwa.

A nan ne FIRMS, shafin hukumar NASA ta Amurka, yake da amfani, kuma kyauta ne. Na'urar VIIRS da ke kan tauraron ɗan'adam na Suomi NPP, wanda aka harba a 2011, tana gano zafin wuta a fili mai faɗin mita 375. Kimanin awa uku bayan wucewarsa, sai wurin ya bayyana a taswira da jan ɗigo. Mutum zai iya zaɓar yankinsa, ya sa adireshin imel, a riƙa turo masa gargaɗi.

Sai dai kada a ɗauke shi maigadi. Tauraron yana wucewa ne wajen ƙarfe 1:30 na rana da na dare, don haka wutar da aka kunna da la'asar ta mutu kafin isha'i ba za ta fito ba. Ƙaramar wuta ma takan kuɓuce masa. Kuma manomi nawa ne ke buɗe imel?

Abin da zai yi aiki shi ne kowace ƙungiyar masu amfani da ruwa ta sami matashi ɗaya da zai yi rajista, ya riƙa mayar da gargaɗin saƙon murya a WhatsApp. Tsofaffin bayanan shafin kuma za su nuna inda wuta ta saba tashi kowace shekara, a san inda za a share ciyawa a bar fili tun kafin ta bushe.