Asalin Keffi da Sarakunanta

Ya kai ɗalibi, ko ka san ma'anar sunan Keffi? Ya samo asali ne daga kalmar "kafi", wato shingen itatuwa da ake kewaye gari da shi don tsaro daga mahara.

Wajen shekarar 1800 ne wani Bafulatani daga ƙasar Katsina, mai suna Abdu Zanga, ya kafa garin. Sai dai sarakunan Keffi ba su kasance masu cin gashin kansu ba. Suna bin Sarkin Zazzau, suna aika masa gaisuwa, shi kuma yana bin Sarkin Musulmi a Sakkwato.

A shekarar 1902, Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney, wakilin Turawan Ingila. Daga nan ya tafi Kano, Sarki Alu ya karɓe shi hannu bibbiyu. Turawa suka kafa hujja da haka, suka ci Kano da yaƙi a 1903.

Idan ka bi ta Angwan Iya, ka lura: Iya ma sunan sarauta ne, kuma har yau ana naɗa ta a Zazzau.