Koyote, Dilan Amurka: Sunansa, Halinsa da Dabarun Farautarsa

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake farautar wata dabbar dawa ta Amurka ta Arewa mai suna koyote, da abin da ya kamata sabon shiga ya sani kafin ya saɓa bindiga. Batun ya shafi masu nazarin harshe da al'adu, domin kuwa farautar wannan dabba ta ginu ne a kan sanin halinta da kwaikwayon muryarta. Har wa yau, tarihinta ya nuna cewa makami ba tare da sani ba bai taɓa cin galaba a kanta ba.

Suna da Kamanni

Kalmar koyote ta samo asali ne daga harshen Nahuwatil na mutanen Aztek, inda ake cewa koyotl. Daga nan ta shiga Sifaniyancin ƙasar Meksiko, sa'an nan ta shiga Ingilishi. A shekarar 1823 masanin halittu Thomas Say ya laƙaba wa dabbar sunan kimiyya Canis latrans, watau kare mai haushi, saboda yawan kukanta. A Meksiko ta yau kalmar ta sami ma'ana ta biyu, ana kiran mai tsallakar da mutane kan iyaka a ɓoye da ita.

Koyote ɗan dangin kare ne, ya fi dila girma amma bai kai kyarkecin ƙasashen sanyi ba. Galibi nauyinsa tsakanin kilo 8 ne zuwa 20. Launinsa toka-toka ne da ratsin ja-ja, yana da dogon baki da tsayayyun kunnuwa da jela mai gashi. Abincinsa zomo da ɓera da mushe da 'ya'yan itatuwa, in ya sami sarari kuma ya kama ɗan tunkiya. Wannan ɓarna ita ce mafarin gabarsa da makiyaya.

Matsayinsa a tatsuniyoyin ƙabilun asali na ƙasar, irin su Nabaho, ya yi kusa da na dila a wurin Bahaushe, wanda ake yi wa kirari da malamin daji. Dukansu gwanayen wayo ne, sai dai koyote na tatsuniya kan faɗa ramin da ya haƙa wa wani, abin da ya sa ta wannan fuska ya fi kama da Gizo.

Farauta ko Harbi?

Bahaushe ya bambanta farauta da harbi. Farauta ta gayya ce, da karnuka da gora da kiɗa, a kewaye daji a tayar da nama. Harbi kuwa sana'ar maharbi ce, wanda ke shiga daji shi kaɗai, ya yi sanɗa ko ya yi kwanto. Ko da yake a wasu jihohin Amurka ana bin koyote da karnuka, hanyar da ta fi yaɗuwa ta fi kusa da harbi. Maharbin Hausa kan ɗaura kan burtu a goshi, ya duƙa yana tafiya irin ta tsuntsun, har ya kusanci nama. Shi yana yaudarar idon dabba ne, maharbin koyote kuwa kunnenta yake yaudara.

Dabarun Sabon Shiga

Abu na farko shi ne doka. Kowace jiha a Amurka da kowane lardi a Kanada na da nasa ƙa'idoji game da lasisi da lokaci da farautar dare, kuma ba a shiga filin wani sai da izininsa.

Na biyu shi ne bin sawu tun kafin ranar fita. Sawun koyote ya fi na karen gida tsawo da tsukewa, kuma tafiyarsa miƙe take, ba ya yawan ratse. Kashinsa cike yake da gashi da guntayen ƙashi, yakan kuma ajiye shi a tsakiyar turba don shaida iyakar yankinsa. Wanda ya fita da dare ya kasa kunne zai ji inda suke amsa wa juna kuka.

Na uku, wanda ya fi sauran muhimmanci, shi ne iska. Hancin koyote yana da ƙarfin jin wari ƙwarai, kuma al'adarsa ce in ya ji kira ya kewayo ta inda iska za ta kawo masa wari kafin ya matso. Saboda haka maharbi kan zauna inda iska ke bugun fuskarsa ko gefensa, ya tabbata yana hangen ɓangaren da take kai warinsa. Yakan bar mota nesa, ya taho a hankali, ya jingina da daji ko dutse don kada siffarsa ta fito fili, rana kuma tana bayansa.

Na huɗu shi ne kira. Ana amfani da usur na baki ko na'ura mai fitar da murya. Kiran da aka fi fara koya shi ne kukan zomon da ya shiga uku, domin mayunwacin koyote zai ɗauka nama ne a sauƙaƙe. Daga watan Janairu zuwa Maris, lokacin barbara, ana kwaikwayon kukan koyote kansa, sai mai yankin ya fito korar baƙo. Ana fara kira ƙasa-ƙasa, a yi shiru, a sake, a zauna kamar minti 20 zuwa 30 ba motsi kafin a sauya wuri. Sassafe da gab da magariba su ne lokutan da suka fi dacewa. Koyoten da aka kira aka harba aka kuskure kuwa ya yi karatu, da wuya ya sāke amsa irin wannan kira.

Na biyar shi ne makami da tabbatar da abin harbi. A fili ana amfani da bindiga mai cin dogon zango da ƙaramin harsashi, irin mai lamba .223, a sarƙaƙiya kuwa da mai watsa ƙananan harsasai. Wajibi ne maharbi ya tabbata abin da ke gabansa da abin da ke bayan dabbar. A watan Disamba na 2014 wani maharbi a jihar Yuta ya kashe macen kyarkeci wadda doka ta hana taɓawa, bisa zaton koyote ce.

Abin da Tarihi ya Nuna

A da, mazaunin koyote shi ne filayen ciyawa da hamadar yammaci da tsakiyar nahiyar. A 1931 majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar yaƙi da dabbobi masu ɓarna, aka shiga kashe shi da tarko da bindiga da guba. Shugaba Nixon ya hana sa guba a filayen gwamnatin tarayya a 1972, Shugaba Reagan kuma ya soke wannan umarni a 1982. A 2012 jihar Yuta ta sa ladan dala 50 a kan kowane koyote. Duk da haka, yau ana samunsa daga Alaska har Panama, a kowace jihar Amurka ban da Hawai, har cikin manyan birane irin su Shikago.

Dalilan haka uku ne. Kisan kyarkeci, babban abokin gabarsa, da sare dazuzzuka sun buɗe masa sabuwar ƙasa. Sa'an nan in aka rage yawansa abinci kan wadata, mata su haifi 'ya'ya da yawa, ƙanana su fara haihuwa da wuri. Macen tana ɗaukar ciki kwana 63 ne kacal, ta haifi kimanin shida. Na uku, duk yankin da aka kashe mai shi, baƙo kan maye gurbinsa ba da jimawa ba. A 1975 wasu masana biyu a Kalifoniya, Connolly da Longhurst, sun lissafa cewa sai an kashe kashi 75 cikin ɗari kowace shekara, har fiye da shekara 50, kafin a ƙarar da shi a wuri guda.

Wannan ya sa makiyaya da dama suka koma ga karnukan tsaro da jakuna da shinge. Wasu jihohi kuma, irin su Niyu Meksiko a 2019, sun haramta gasar kashe koyote.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa harbin koyote na iya raba makiyayi da wata dabba guda da ta addabi garkensa, ko ya samar wa maharbi fata a lokacin sanyi, amma ba ya rage jinsin. Sabon shiga da ya san haka zai fi ba da ƙarfi ga karatun sawu da iska da murya. Ga masu nazarin al'adun Hausa kuma akwai aiki a gaba: tattara kalmomin maharbanmu na sawu da kwanto da kiran nama daga bakin sarakunan baka, tun masu su na da rai.