Araha Ba Ta Ado: Sayen Motar Jif ta Alfarma 'Yar Tokumbo da Kuɗi Ƙalilan

Gabatarwa

Duk wanda ya ɗan tsaya a bakin titi a Legas ko Ibadan ko Fatakwal, zai ga motocin nan masu tudu da ake kira jif suna ta kai da komo. Kaɗan ne daga cikinsu aka saya sababbi dal. Galibi wani ya mora a ƙasar waje kafin su iso mana. Da yawa daga cikinmu ɗalibai muna da burin hawa irinsu idan mun kama aiki, wasu kuwa tun yanzu iyaye ko yayye kan tura su kasuwa su tayo musu. Manufata a wannan maƙala ita ce in nuna cewa kuɗin da dillali ya yanka wa motar alfarma somin-taɓi ne kawai, ragowar yana ɓoye a cikin tarihinta da ɗawainiyarta. Zan kafa misali da Lexus RX, domin tana cikin waɗanda aka fi gani a titunanmu.

Wace Mota Ake Nufi?

Jif iri biyu ne. Akwai na asali, irin su Land Cruiser da Prado, waɗanda ake ɗora bodinsu a kan shasi mai zaman kansa kamar na babbar mota, don su jure wa daji da kaya. Akwai kuma wadda Turawa ke kira kurosoba, ni kuwa nake kiranta 'yar ruwa-biyu: tsayinta na jif, amma bodi da shasinta a haɗe suke kamar na ƙaramar mota. Wannan ƙira ce ta sa ta fi laushin tafiya da sauƙin shan mai, ita ce kuma ta sa ba ta son dukan ramuka da kaya masu nauyi.

Kamfanin Toyota ya fara sayar da motocinsa na alfarma da sunan Lexus a shekarar 1989. A ƙarshen 1997 ya fito da Toyota Harrier a Japan, sannan a 1998 ya kai ta Amurka da sunan Lexus RX 300. BMW X5 ta biyo baya a 1999, Acura MDX a 2000. Daga 2003 aka fara haɗa RX a ƙasar Kanada, ita ce kuma Lexus ta farko da aka ƙera a wajen Japan.

Sunayen Kasuwa

Tunda harshe muke nazari, bari mu dubi sunayen da ake kiran waɗannan motoci, domin kowane suna yana ɗauke da labari. Kalmar tokumbo daga Yarabanci take, asalinta suna ne da ake raɗa wa yaron da aka haifa a ƙasar waje aka dawo da shi gida, ma'anarsa wanda ya zo daga ƙetaren teku. Masu cewa Beljiyam suna tuna ƙasar da aka daɗe ana loda motoci da kayan gyara daga tasharta ta Antwaf. A Arewa kuwa an fi cewa 'yar Kwatano, saboda ta tashar jiragen ruwan Kwatano da ke Jamhuriyar Benin ake sauke su, a shigo da su ta kan iyaka. Sai kuma ta hannu 'yar gida, wato wadda aka riga aka yi wa lamba aka hau a nan Nijeriya. Ita ce mafi araha, ita ce kuma mafi bukatar sa ido.

Dalilin Arahar

Motar alfarma tana saurin faɗuwa a farashi a ƙasashen da ake sayen ta sabuwa. Mai kuɗin da ya saye ta kan sake wata bayan 'yan shekaru, mai ƙaramin ƙarfi kuwa yana tsoron kuɗin gyaranta. A nan ne tarkon yake. Farashin motar yana sauka, amma farashin fitilarta da na'urorinta ba ya sauka tare da ita. Ko ta shekara goma sha biyar, kayan gyaranta na motar manya ne.

Dalili na biyu ya fi wannan haɗari. Da yawa daga cikin motocin da ke sauka a tashoshin Apapa da Tin Can daga wuraren gwanjo na Amurka aka sayo su, irin su Copart da IAA. A can, idan mota ta yi hatsari ko ruwa ya ci ta, kamfanin inshora ya lissafa ya ga gyaran bai da riba, sai ya biya mai ita ya tura motar gwanjo. Guguwar Katrina a 2005, da Sandy a 2012, da Harvey a 2017 duk sun nutsar da ɗimbin motoci. Ba kowace motar gwanjo ce abar gudu ba. Wadda aka ɗan buge wa ƙofa tana gyaruwa sumul. Wadda shasinta ya lanƙwashe ko ruwa ya shiga wayoyinta kuwa, kyan ɗan maciji ne da ita.

Wace RX Ce ta Mai Ƙaramin Ƙarfi?

RX 300 ta farko, wadda aka yi har zuwa 2003, ita ce mafi araha, sai dai tsufa ya cim mata. An san injinta da tara dasƙararren baƙin mai idan ba a yi masa juye a kan kari ba, an kuma san giyabos ɗinta da saurin gajiya, musamman mai jan ƙafa huɗu.

RX 330, samfurin 2004 zuwa 2006, tana da inji mai lita 3.3 wanda ke aiki da bel ɗin tayimin na roba. Ƙa'ida ita ce a canza shi duk bayan mil 90,000, kimanin kilomita 145,000. Idan mai sayarwa bai da shaidar canjin, to mai saye ya sa kuɗin a lissafinsa.

RX 350 ta fara daga samfurin 2007 da inji mai lita 3.5, wanda ke amfani da sarƙa maimakon bel. Na farko-farkonsu sun zo da wani bututun baƙin mai mai guntun roba da kan fashe ya tsiyayar da man inji cikin ɗan lokaci, har sai da kamfanin ya kira masu motocin ya canza musu. Yana da kyau bakanike ya duba ko wanda ke jiki na ƙarfe ne zalla. Haka kuma dashbod ɗin samfurin 2004 zuwa 2009 kan tsattsage ko ya yi danƙo a rana. Samfurin 2010 zuwa 2015 ya fi su lafiya, ya kuma fi su kuɗi.

Abin da ya sa nake fifita RX a kan takwarorinta na Jamus ga mai ƙaramin ƙarfi shi ne dangantakarta da Toyota. Injin RX 350 iri ɗaya ne da na Highlander da Sienna da Avalon da Camry mai silinda shida na zamaninta. Saboda haka kayansa sun wadata a kasuwar Ladipo da ke Mushin da sauran kasuwanni, makanikai ma sun san shi ciki da bai. Ina kuma ba da shawarar a ƙyale mai jan ƙafa huɗu, da mai shokazoba ta iska, da mai haɗin batir da fetur irin RX 400h, sai fa in akwai gwanin gyaransu a kusa. Duk ƙarin na'ura ƙarin abin lalacewa ne.

Lambar Shasi

Kafin a dubi fenti, a fara duba lambar shasi. Tun daga 1981 kowace motar da aka yi don kasuwar Amurka tana da lamba mai haruffa da alƙaluma 17, ana ganin ta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da kuma jikin ginshiƙin ƙofa. Idan ta fara da J, a Japan aka ƙera motar. Idan ta fara da 2, a Kanada. Gurbi na goma shi ke faɗin shekarar samfuri: 4 na nufin 2004, 7 na nufin 2007, A na nufin 2010, D na nufin 2013, F kuwa 2015.

Sanin wannan yana da amfani ƙwarai, domin akwai masu ɗaukar RX ta 2010 su canza mata fuska da fitilu irin na 2015, su sayar a farashin ta 2015. Kwalliyar ba laifi ba ce in an faɗa wa mai saye, ɓoyewar ce ha'inci. Da lambar shasi kuma ake sayen rahoton tarihin mota a intanet daga kamfanoni irin su Carfax, inda ake ganin hatsarin da aka rubuta da nisan da ta yi tafiya. Sau da yawa ma, in aka rubuta lambar a Google, hotunan motar a filin gwanjo sukan fito. A tuna cewa mitar motocin Amurka da mil take ƙirga, mil 150,000 kuwa ya haura kilomita 240,000.

Gani Ya Kori Ji

A je duba mota da sassafe tun injinta na sanyi, domin inji mai zafi yana ɓoye ciwonsa. A tafi da bakanike na kai, ba wanda dillali ya kawo ba, tunda dillali la'adarsa yake nema. Idan aka murza makulli, ya kamata fitilun gargaɗi na inji da birki da jakar iska su kama gaba ɗaya, su mutu bayan motar ta tashi. Wadda ba ta kama ba sam, wataƙila an cire ƙwanta ne. A jona na'urar bincike ta kwamfuta. Motocin Amurka tun daga 1996 suna da wurin jona ta a ƙarƙashin sitiyari.

Shuɗin hayaƙi daga salansa alama ce ta inji mai ƙona baƙin mai. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa, ko wani abu kamar madara a ƙarƙashin murfin baƙin mai, yana nuna ruwan lagireto na shiga inji. Don gano motar da ruwa ya ci, a ɗaga darduma, a leƙa ramin safaya taya, a dubi ƙarafan ƙarƙashin kujeru ko sun yi tsatsa, a jawo bel ɗin kujera har ƙarshe a ga ko akwai shatin laka. Yawan turare a cikin mota ma abin tuhuma ne. A leƙa ƙarƙashi a tabbatar tukunyar tace hayaƙi, wadda makanikai suka laƙaba wa suna indomi, tana nan, domin ana yanke ta a sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta.

Daga nan a tuƙa motar aƙalla rabin awa, a cunkoso da kuma buɗaɗɗen titi, iyakwandishan a kunne. Giyar da ke fizga ko jinkirin shiga, da allurar zafi mai hawa, duk dalilai ne na haƙura. Haka nan Harrier da aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, juyin sitiyari kuwa aiki ne da ya taɓa birki da wayoyi, wanda in aka yi shi da ganganci rai ne a kan layi.

Takardu

Mota mai lafiya marar takardu asara ce. Daga ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, a 2022 kuma hukumar kwastan ta fara ƙiyasta kuɗin fito ta hanyar lambar shasi. Motar da aka yi fasa-ƙwaurinta, ko aka biya mata fito a matsayin wata ƙaramar mota, ana iya kama ta a hanya ko bayan shekaru, mai saye ne kuma zai kwana a ciki. A kai takardun ofishin kwastan a tantance, a tabbatar lambar da ke jikinsu ita ce a jikin motar. Idan ta hannu ce 'yar gida, a nemi shaidar mallaka, a rubuta yarjejeniyar ciniki gaban shaidu, a biya ta banki cikin asusun mai suna iri ɗaya da na takardun. Kada a ba da kafin alƙalami a kan motar da ba a gani ba, musamman ga masu tallar gwanjon kwastan na bogi a Facebook.

Lissafin Aljihu

Shawarata ita ce mutum ya raba kuɗinsa kashi goma, ya nemi motar da ba ta wuce kashi bakwai ba. Ragowar ukun na rajista ne da inshora, wadda mafi ƙanƙantarta ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a 2023, da juyen baƙin mai, da tayoyi, da batir, da gyaran da ba a zata ba.

Sai batun fetur, wanda ya zama babban lamari tun da aka cire tallafinsa a watan Mayun 2023. Tankin RX 350 yana cin kimanin lita 72. Mu ƙaddara tana yin kilomita 7 da lita ɗaya a cikin gari, mai ita kuma yana tafiyar kilomita 40 kullum. A wata zai sha lita 170 da 'yan kai. Mai karatu ya ninka wannan da farashin lita a gidan man unguwarsu, ya ɗora a kan albashin da yake sa rai. In lissafin ya ƙi fita, Corolla mai lafiya ta fi Lexus da ke kwance a kan duwatsu a ƙofar gida.

Kammalawa

A taƙaice, na yi bayanin ma'anar jif 'yar ruwa-biyu, da dalilan araharta, da hanyoyin gane mai lafiya. Tsakanin motoci biyu masu kuɗi ɗaya, tsohuwar da tarihinta yake a fili ta fi sabuwar da ba a san inda ta fito ba. Dillali zai ce wani na nan tafe da kuɗi a hannu, a bar shi ya zo ya saya. Jiragen ruwa ba su daina sauke motoci a Legas ba. Hausawa sun ce daidai ruwa daidai tsaki, kuma wanda ya auna aljihunsa kafin ya shiga kasuwa shi ne zai hau motarsa da kwanciyar hankali.