Guzuri Da Tsarabar Ɗalibi Mai Zuwa Taron 'Yan Jarida

A 'yan shekarun nan an shigo da wata al'ada ta kiran ɗalibai masu sha'awar aikin jarida zuwa taro, ko a Kano, ko a Abuja, ko a Ikko. Akan zaunar da su kwana biyu ko uku, manyan editoci su yi musu lacca, a raba takardun shaida, sa'an nan kowa ya kama hanyar garinsu. Cibiyar bincike da jaridar Premium Times ta kafa a 2014, wadda yanzu ake kira CJID, ta buɗe wani shiri a 2017 mai suna Campus Reporter domin horar da ɗaliban manyan makarantu, kuma ba lalle sai wanda yake karatun jarida ba. Ƙasar Kazaure da Babura kuwa ba ta rasa waɗanda za su je ba. Ga Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 1921 da ɗari, watau 2021, ga kuma 'ya'yan Roni da Gwiwa masu tafiya Jami'ar Bayero ta Kano, inda sashen koyon aikin jarida yake tun 1978.

To, abin da muke so malaman makaranta da akawuna su duba tare da mu shi ne, in yaro ya sami irin wannan gayyata, da me zai tafi, kuma da me ya kamata ya komo?

Ba yau aka fara kiran ɗan jaridar Arewa taro ba. A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, aka gayyaci editoci takwas na Afirka ta Yamma zuwa Ingila. Cikinsu akwai Nnamdi Azikiwe na jaridar West African Pilot, akwai kuma Malam Abubakar Imam na Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a Janairun 1939. Shekarunsa talatin da biyu a lokacin, kuma shi kaɗai ne ɗan Arewa a cikin ayarin. An zaga da su, sun ga abin da aka shirya su gani, amma abin da ya fi amfani a tafiyar ba ya cikin jerin da aka tsara. Malam Abubakar ya gana da Lugga, wanda ya bar mulkin Nijeriya tun 1919, ya faɗa masa abubuwan da ke damun talakawa da 'yan makaranta game da mulkin En'e, bayan ya komo kuma suka ci gaba da musayar wasiƙu. Ba don ya tafi da labarin ƙasarsa a ka ba, da ba abin da zai haɗa su sai gaisuwa.

Akwai kuma na biyu. Azikiwe ya shirya takarda wadda ke neman a ba ƙasashen Afirka ta Yamma mulkin kai cikin shekara goma sha biyar, aka nemi 'yan ayari su sa hannu. Malam Abubakar bai sa ba. Mutane sun sha bamban a kan ko ya yi daidai, mu kuwa ba shari'ar za mu yanke a nan ba. Abin lura dai shi ne, baƙo a wurin taro yana iya yin abota da mutane ba tare da ya sa hannu a kan duk abin da aka miƙo masa ba. Da ya dawo ya rubuta labarin tafiyar a littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi, don wanda bai je ba ma ya ƙaru.

Guzurin ɗalibi ke nan: labarin ƙasarsa, wanda ya bi diddiginsa da kansa. Yaron Kazaure yakan shiga zaure ya ga 'yan Ibadan da Ikko suna zuba Turanci, sai ya ja jiki ya zauna a baya, yana tsammani ba shi da abin faɗi. Alhali kuwa yana riƙe da abin da ba su da shi. Ɗan Babura yana zaune a bakin iyakar Jamhuriyar Nijar. An rufe iyakar nan a Agustan 2019 har Disambar 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Yamai na Yulin 2023, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Editan da ke Abuja ya buga labarin rufewar daga takardar gwamnati, amma yadda ta taɓa fataken dabbobi, da 'yan'uwan da iyaka ta raba, da kuɗin tiyar gero ranar kasuwa, wannan sai wanda ke wurin. Haka ɗan Kazaure da masu noman rani na bakin madatsar ruwa, haka ɗan Gwiwa da asibitin ƙauyensu. Dattawa za su tuna zamanin hukumar NORLA, daga 1954 zuwa 1959, sa'ad da kowane lardi yake da 'yar jaridarsa, Himma ta Katsina, Zaruma ta Sakkwato, Sodangi ta Lardin Kano wanda Kazaure ke cikinsa. Waɗannan sun shuɗe, gurbinsu kuwa har yanzu bai cika ba.

Game da abin da ake koyarwa a tarurrukan, mafi tsada shi ne yadda ake tabbatar da magana kafin a buga: a ji bakin ɓangare biyu, a nemi takarda, a duba ko hoton da ke yawo a WhatsApp na bana ne ko na shekara biyar da suka wuce. Ana kuma koya musu dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa iko ya rubuta wa ma'aikatar gwamnati ya nemi bayani, ita kuma ta amsa cikin kwana bakwai. A 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar ta hau kan jihohi ma. Nan fa maganar ta zo kanku, ya ku akawuna, domin a teburinku wasiƙar za ta sauka. In yaro ya kawo takarda yana tambayar nawa aka ware wa ginin aji a mazaɓarsu, ba rashin kunya ya zo yi ba, doka ce ta aiko shi, sai a karɓa a buga hatimi a rubuta kwanan wata. Shi kuma yaron ya sani akwai sashe na 24 na dokar laifuffukan intanet ta 2015, wanda aka sha kama 'yan jarida da shi, ko da yake an yi masa gyara a 2024. Wanda ya zargi mutum ba hujja a hannu, takardar shaidar taro ba za ta fid da shi ba.

Sai batun sanin mutane, wanda a ganinmu nan ne ɗalibai suka fi yin hasara. Da an tashi lacca sai ka ga an yi wa babban baƙo caa, kowa na neman hoto da lambar waya. Shi kuwa baƙon kafin ya kai mota ya manta da fuskokin. Edita ba ya tuna wanda ya yi hoto da shi. Yana tuna wanda ya aiko masa da labari mai tsabta, sunaye daidai, lissafi daidai, cikin makon da aka rabu. Kuma abokan da suka fi ɗorewa su ne na kujerar kusa, ɗalibin Sakkwato ko na Maiduguri da aka ci abinci tare, don shi ne gobe zai ce maka ga wata jarida na neman wakili a Jigawa, ko ya duba maka rubutu kafin ka aika. Kada kuma wani ya raina Hausarsa. Sashen Hausa na BBC yana aiki tun 1957, ga gidajen rediyon Kano da Dutse, duk suna bukatar mai iya rubuta Hausa da ƙa'ida, irinsa kuwa ba shi da yawa.

Wani abu da ba mu so mu wuce ba mu taɓa ba shi ne 'yan mata. Sau da yawa gayyata takan zo, uba ya hana, don bai san inda za a kwana ba, ba kuma wanda ya zo ya yi masa bayani. Wannan aikin malami ne. Ya nemi takardar gayyatar, ya bincika wa ya shirya, wa zai biya kuɗin mota da masauki, sa'an nan ya taka har gida. Labarin ɗakin haihuwa da na makarantar 'yan mata, mace ce za a buɗe wa ƙofa ta ji shi.

In ɗalibi ya komo, shugaban makaranta ya ba shi rabin sa'a ranar da ƙungiyar 'yan jaridar makaranta ke zama, ko ta sakandaren da ya fito, ya karanta musu abin da ya rubuto, ya nuna musu yadda ake tsara wasiƙar neman bayani. Inda babu ƙungiyar, allo ɗaya a bakin ofis da takarda huɗu a mako sun isa a fara.