Wa Zai Sha Abin da Aka Rufe a Jakara?

Duk lokacin da aka sake tayar da maganar aikin Wuju-Wuju, wato rufe rafin Jakara da Kwarin Gogau a birnin Kano da kankare a shimfiɗa titi a kai, abu uku ake lissafawa: wari zai ragu, ambaliya za ta ragu, cunkoson ababen hawa zai ragu. Tun da aka faro aikin a zangon mulkin Gwamna Kwankwaso na biyu, tsakanin 2011 da 2015, ya tsaya ya tashi, waɗannan ukun ake maimaitawa. Babu wanda ke zaune a bakin wannan kwari da zai ƙi su. Amma abin da ke ba ni haushi shi ne yadda zancen yake ƙarewa daidai inda kankaren ya ƙare, kamar ruwan ma nan yake tsayawa. Ruwan kuwa wucewa yake yi. Yana fita daga birni ya nufi arewa maso gabas, ya ratsa lambuna da ƙauyukan da ke bayan gari, ya je ya kwanta a madatsar Wasai a ƙaramar hukumar Minjibir. A can rafin ƙauye ne sosai: da shi ake ban ruwa, a cikinsa shanu ke sha, yara ke iyo, masunta ke jefa koma. Ingancin ruwan da mutumin Wasai ke taɓawa ba a Wasai ake yanke shi ba, a Dala da Fagge da Sabon Gari ake yanke shi, kuma ba a taɓa tambayarsa ba.

Kano a kan tudu take tsakanin kwari biyu. Ruwan kudancin gari, na Sharaɗa da kewayenta, rafin Salanta yake bi ya faɗa kogin Chalawa. Na tsohon birni da Fagge da Sabon Gari da Bompai kuwa arewa yake gangarawa, Jakara ce ke kwashe shi, rafin Getsi ya kawo mata na Bompai. A ɗabi'arta Jakara rafin damina ce. Kusan duk ruwan shekara tsakanin Mayu da farkon Oktoba yake sauka, don haka rafi mai girmanta ya kamata a ce kafin Janairu ya zama yashi da 'yan kududdufai. Yau ba ta ƙafewa. A tsakiyar Afrilu, lokacin da rijiyoyi ke ja baya, za ka tarar tana gudu.

To daga ina wannan ruwan rani yake fitowa? Daga gidaje. Ruwan da ake tacewa a Chalawa da Tamburawa a turo cikin gari, da wanda dubban rijiyoyin burtsatse ke tsotsowa daga ƙasa, da wanda 'yan garuwa ke turawa lungu-lungu, duk idan an gama wanka da wanki da wanke-wanke da tsarki, kwata yake bi, kwata ta miƙa wa lambatu, lambatu ya miƙa wa Jakara. Wato wani ɓangare na ruwan daga kwarin kudu aka ɗebo shi, aka ɓata shi a birni, aka sake shi kwarin arewa. A watannin rani babu ruwan sama da zai tsarma shi, saboda haka abin da manomin lambu ke zuƙa da injinsa daga Janairu zuwa Mayu kusan zallar dagwalon birni ne.

Nan ne nake ganin asalin matsalar take, kuma nan ne aka fi kawar da kai. Birnin da ƙananan hukumominsa takwas suka haura mutum miliyan biyu da rabi tun a ƙidayar 2006 ba shi da babbar hanyar kwashe najasa ta ƙarƙashin ƙasa da za ta kai ta wurin tacewa. Kowane gida da masansa ko sokawensa. A unguwannin da gidaje suka matsu, babu filin haƙa sabon rami idan na da ya cika, sai dai a yashe, kuma mai yashewa ba ya ɗaukar kaya mai nauyi da wari ya yi nisa da shi in akwai lambatu a kusa. Wasu gidajen da ke bakin kwarin ma sun huta da wannan lissafi, bututu kawai suka jona. Ga mayankar Kano, wadda jini da tumbi da ruwan wanke nama ke fita daga cikinta kullum safiya. Ga kasuwanni, daga Kurmi da ke gefen Jakara tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa har zuwa Sabon Gari. Ga marina, ga masu wankin mota, ga kanikawa da baƙin mai. Ga shara, wadda mutane da yawa ke jira hadari ya haɗo su tuttula ta a kwata don ruwa ya tafi da ita. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake da girman da za a kafa masa kwamiti shi kaɗai, amma idan aka tara su, su ne rafin.

Da yawa za su ce na bar jaki ina dukan taiki, ai masana'antun fata ne suka kashe Jakara. Akwai gaskiya a ciki, ba zan musa ba. Jimar zamani tana aiki da gishiri mai yawa, da farar ƙasa da sinadarin salfaid don cire gashi, da kuromiyam don jeme fatar, kuma shekara da shekaru masu bincike, musamman na Jami'ar Bayero, suna samun ƙarafa masu guba a ruwan Getsi da ƙasar lambunan da ke shan sa. Ƙarfe kuwa ba ya ruɓewa. Wanda aka zubar shekaru talatin da suka wuce yana nan kwance a laka. Sai dai mafi yawan manyan majemun zamani a Chalawa da Sharaɗa suke, ruwansu kudu yake yi, ba ya zuwa Wasai. Bompai kuma ba Bompai ɗin da ba ce, masana'antu da yawa sun rufe saboda rashin wuta da tsadar aiki. Da masana'antu ne kaɗai, da rafin ya fara farfaɗowa tun da suka durƙushe. Bai farfaɗo ba, don gidajen da ke zuba masa ƙaruwa suke yi kowace shekara. Ina zargin abin da ya sa aka fi son zancen masana'antu shi ne yana da sauƙi: akwai ƙofa, akwai manaja, akwai dokar da hukumar kare muhalli ta NESREA ta fitar a 2009 kan masana'antun fata da saƙa, ana iya zuwa da 'yan jarida a manna takarda. Najasar mutum miliyoyi kuwa ba ta da ƙofar da za a manna wa takarda, sai dai gwamnati ta manna wa kanta.

Manomin lambu ya san ruwan nan sarai, ya fi mai ɗakin gwaji sanin launinsa. Ya san ranar da ya zo baƙi ƙirin da kumfa, ya san ranar da ya zo da launin rini, ya san wanda ke ƙona ganyen latas idan aka ba shi da rana tsaka. Je ka ga bakin tiyonsa: ya ɗaure shi da tsohon gidan sauro ko buhu don kada leda da robar fiya wata su toshe injin, kuma kafin ya gama ban ruwan fangali goma sai ya sauka ya yaye abin da ya manne. Ƙafarsa a cikin ruwan take tun asuba, ba takalmin roba, kaushi ya tsattsage. Duk da haka ba zai bar shi ba, kuma ba wauta ba ce. Ruwa ne da ba ya yankewa, ba a biya, ga shi ɗauke da taki. Najasa cike take da sinadaran da ake sayen buhun taki domin su, shi ya sa alayyahun bakin Jakara yake yin kore shar da ɗan taki kaɗan ko ma babu. A shekarun da farashin buhu ya fi ƙarfin talaka, wannan ba ƙaramar riba ba ce. Da can da jigo ake ɗebo ruwan, abin da mutum zai iya shayarwa kaɗan ne. Shigowar ƙananan injinan ban ruwa tun daga shekarun 1980 ta sa lambunan suka faɗaɗa, suka yi nisa da bakin rafi, dagwalon ya kai gonakin da da bai isa ba.

Illar kashi biyu ce, ta gaggawa da ta sannu, kuma mun fi yin surutu kan ta sannu. Ta gaggawa ita ce cututtukan da ke cikin bayan gida: taifot, amai da gudawa, atuni, ƙwan tsutsar ciki. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1989 ta ce ruwan da za a shayar da kayan lambun da ake ci ɗanye kada ƙwan tsutsa ya wuce ɗaya a lita, kada ƙwayoyin cutar bayan gida su wuce 1,000 a mililita 100. Ruwan kwatar da ba a tace ba yana ninka wannan nesa ba kusa ba. Su wa ake nomawa a nan? Latas, kabeji, karas, lansir, albasa mai lawashi, wato daidai waɗanda ba sa ganin wuta. Abin da ya fi muni, sau da yawa a cikin ruwan rafin ake ɗauraye karas da latas don su yi kyan gani kafin a ɗora su zuwa kasuwar 'Yankaba. Daga nan sai teburin mai shinkafa da wake, sai farantin salak na gidan biki. Birni ya tura abu ta kwata, ya dawo masa a kwando.

Ta sannu ita ce gishiri da ƙarfe. Gishiri yana taruwa a ƙasar da ake shayarwa a rani, ruwa ya tashi sama ya bar shi, har ka ga fari-fari a gefen fangali, amfani ya fara ja baya. Ƙarafan kuma halinsu ya bambanta: kuromiyam ya fi maƙalewa a ƙasa da saiwa, kadmiyam kuwa yana hawa cikin ganye, shi ya sa alayyahu da latas suka fi tumatir haɗari a irin wannan ƙasa. Ga rijiyoyin ƙauyukan da ke fadama, waɗanda ba su da zurfi, kuma ruwansu da na rafin a ƙarƙashin yashi ɗaya suke. Ma'aunin ruwan sha na Hukumar Lafiya ta Duniya bai yarda darma ta wuce miligiram 0.01 a lita ba, kuromiyam 0.05, naitiret 50. Babu wanda zai gane an wuce waɗannan da ido ko da harshe. Ruwan rijiya yana iya zama garau alhali ya wuce.

Sai madatsar Wasai, wadda aka gina a 1976 cikin jerin madatsun da aka tsara tun zamanin Gwamna Audu Baƙo, da niyyar noman rani. Ba a gina ta don tace najasa ba, amma aikin da take yi ke nan ba da saninta ba. Ruwa in ya iso ya tsaya, laka ta kwanta da duk abin da ta ɗauko, takin da ke ciki ya ciyar da gansakuka da ciyayin ruwa, iskar da kifi ke shaƙa ta ragu. Ruwa mai kwanciya da ciyayi kuma gidan katantanwar da ke ɗauke da tsargiya ne, cutar da aka daɗe ana samu a tsakanin yaran da ke kewayen madatsar.

Yanzu a dawo kan kankare. Rafi buɗaɗɗe, duk lalacewarsa, yana ɗan wanke kansa. Rana tana kashe ƙwayoyin cuta, yashi da ciyawa suna tare datti, lanƙwasa tana rage gudu har abu mai nauyi ya zauna. In aka miƙe shi, aka dandaɓe ƙasansa, aka rufe samansa, duk wannan ya tafi. Ruwan zai isa ƙauye da sauri kuma ɗanye, a damina kuma ya isa da ƙarfi a lokaci guda ya ci gaɓar gonaki. Wanda ya jona bututun masai a ƙarƙashin titi kuwa babu mai sake ganinsa. Ba cewa nake a bar mutanen bakin kwari cikin wari da sauro ba, sun sha wahala ta isa. Cewa nake aikin da ya rufe sama bai tanadi komai a bakin fita ba rabin aiki ne, kuma rabin da aka bari shi ne na waɗanda ba su da murya a gidan gwamnati.

Hana noman ba zai yiwu ba, kuma duk jami'in da ya ce zai hana ya san ba zai iya ba. Dubban gidaje ne ke ci daga nan. Ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya a 2006 ta sassauto daga dogaro da tacewa kaɗai, ta koma ga rage haɗari mataki-mataki: a daina ban ruwa 'yan kwanaki kafin cira, a bi da ruwa ta kwari maimakon watsa shi kan ganye, a bar shi ya kwanta a rami kafin a ja, a wanke kaya da ruwa mai tsabta a kasuwa. An gwada irin waɗannan da manoman lambun Kumasi a Ghana, kuma sun rage ƙwayoyin cuta. Amma latas ɗin da aka hana ruwa kwana uku a zafin Kano yana yaushi, dillali kuma ba ya sayen mai yaushi, don haka manomi shi kaɗai ba zai ɗauki asarar ba sai in akwai wanda zai biya bambancin.

Abin da ya fi dacewa da ƙasa mai rana irin tamu shi ne manyan tafkunan tacewa a jere, ruwa ya bi su ɗaya bayan ɗaya na wasu makonni, rana da gansakuka su yi aikin, ba wuta ba inji. Takin ma ba ya ɓacewa duka, manomi zai samu rabonsa. Abu ɗaya suke buƙata da yawa, shi ne fili, kuma dole filin ya kasance a ƙasan gari, tsakanin mahaɗar Getsi da Jakara da bakin madatsar. Wannan kuwa shi ne yankin da gari ke ci yanzu, ana yanka gonaki fuloti-fuloti, har cikin fadama.