Shin Ko Kun San? Lasin Tuƙin Birtaniya Ba Ya Fita Waje Shi Kaɗai

Shin ko kun san rashin takardar fam 5.50 kacal zai iya hana mutum karɓar motar haya a Tokyo? Ƙwarai kuwa! Ita ce takardar izinin tuƙi ta ƙasa da ƙasa, wadda ake kira IDP. A Japan, ko lasin Birtaniya na aljihunka, in babu ita ba za a miƙa maka makulli ba.

To ga abin mamakin: takardar nan iri uku ce! Akwai ta yarjejeniyar Paris ta 1926, da ta Janeba ta 1949, da ta Biyenna ta 1968. Kowace ƙasa da irin wadda take karɓa. Japan ta 1949 take so. Somaliya kuwa har yanzu ta 1926 ake riƙe mata, yarjejeniyar da ta girmi kakannin wasunmu! Biyun farko wata 12 suke yi su mutu, ta 1968 kuma tana kai shekara uku. Mai ratsa ƙasashe da yawa yana iya buƙatar biyu a tafiya ɗaya.

A ina ake samun ta? Da can gidan waya ake zuwa. Tun daga 1 ga Afrilu 2024 sai a wasu shagunan unguwa masu alamar PayPoint. Ka je da lasinka da hoton fasfo, a cike maka nan take.

Kun san kuwa a ƙasashen Tarayyar Turai, da Suwizalan da Norwe, mai lasin kati mai hoto ba ya buƙatar IDP ɗin sam? Amma a duba katin da kyau. Shekara 10 yake yi, kuma ranar mutuwarsa tana nan a gabansa, a layin da aka rubuta 4b. Mutane da dama ba su taɓa kallon wurin ba!

Mai karatu, ga wata sabuwa. Alamar GB da aka daɗe ana mannawa a bayan motar da za a fita waje da ita ta daina aiki tun 28 ga Satumba 2021. Yanzu UK ake so. In lambar motarka tana ɗauke da UK da tutar ƙasar, ka huta. Sai dai a Sifaniya da Kubrus da Malta, dole ka manna sitika komai kyan lambarka. A Ailan kuwa babu ruwan kowa da ita.

Shin ko kun san koren katin inshora ba lallai ya zama kore ba? Tun 2020 ana iya buga shi a farar takarda! Ɗan'uwan katin ruwan ƙasa ne na ECOWAS da direbobinmu ke riƙewa in za su ƙetara iyaka. Tun Agustan 2021 motocin Birtaniya ba sa buƙatarsa a Tarayyar Turai, amma mai niyyar wucewa Turkiyya ko Maroko ya tuntuɓi kamfanin inshorarsa da wuri. Takardar mallakar mota, V5C, ita ma ta asali ake ɗauka. In motar ta haya ce, VE103 ce madadinta. Sannan lambar da hukumar lasin tuƙi ta DVLA ke bayarwa don kamfanin haya ya duba tarihin tuƙinka, kwana 21 kawai take yi.

Yanzu mu shiga hanya. Daga Folkestone zuwa Calais, mota ce ke hawa jirgin ƙasa, jirgin ya bi ramin da ke ƙarƙashin teku mai tsawon kilomita 50. Minti 35 ka fito a Faransa! Amma motar da ke aiki da iskar gas ba a barin ta shiga. Kuma 'yan'uwa mazauna Landan da Manchester, ku ji wannan da kyau: an hana shiga Tarayyar Turai da nama ko madara daga Birtaniya. Kilishin guzurin nan ya zauna a gida! Mai fasfon Najeriya kuma ya sani lasin tuƙi ba ya maye gurbin biza.

Kana fitowa daga jirgin, hanya ta juya. Hannun dama ake bi, kai kuma sitiyarinka yana dama, kana zaune daf da bakin titi. Fitilunka an saita su ne don hannun hagu, da dare sai su riƙa dallare idon mai tahowa, shi ya sa ake manna musu ɗan tef ko a juya saitinsu. Mu ma fa hagu muke bi a da! Najeriya ta koma dama ranar 2 ga Afrilu 1972, Ghana ta biyo baya a 1974.

A Faransa gudun babbar hanya kilomita 130 ne, amma da ruwa ya sauko sai ya koma 110. Dole a samu riga mai ƙyalli da alamar gargaɗi mai kusurwa uku a cikin mota. Na'urar gano kyamarar gudu kuwa tararta tana kai Yuro 1,500! Shataletalen Arc de Triomphe na Paris fa? Tituna 12 ne ke kwarara cikinsa, kuma mai shigowa shi ke da hanya, wanda ke ciki shi zai jira!

A Jamus, man ka ya ƙare ka tsaya a babbar hanya laifi ne da ake ci wa tara. A Suwizalan, ko awa ɗaya za ka yi a babbar hanya sai ka sayi izinin shekara guda na faran 40. A Finlan kuwa da samun mutum ake auna tara: a 2023 an ci wani attajiri Yuro 121,000 saboda gudu!

Duk inda matsala ta same ka a Tarayyar Turai, lamba ɗaya ce: 112, kuma kyauta ce. In kana da ɗan'uwa mai shirin wannan tafiya, don Allah ka ce masa ya ɗauko lasinsa yau ya duba 4b.