Tsadar Gyara Ta Sa Masu Tsofaffin Motoci A Agege Na Canja Shokazoba Da Kansu

Legas: A Zangon Agege, inda Hausawa fatake suka daɗe da kafuwa a kan cinikin goro da na shanu, ba baƙon abu ba ne a ga mai mota ya ɗaga ta a kan jak a ƙofar gida yana kwance shokazobar gaba da hannunsa. Tsadar kayan gyara da kuɗin aiki ce ta jawo haka.

Idan dai za a iya tunawa, shirin SAP na 1986 ya karya darajar naira, sabuwar Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975 ta gagari ma'aikaci da ƙaramin ɗan kasuwa, aka koma kan motocin tokumbo. Sakin naira ga kasuwa a watan Yunin 2023 ya ƙara tsawwala farashin kayan da ake shigowa da su. Mafi yawan irin waɗannan motoci, wato su Corolla da Camry da Golf, shokazobarsu ta gaba a cikin sifirin take, su biyu a haɗe, kuma ramukan titunan Legas da nauyin kaya ba sa barin ta ta daɗe.

Kwance ta ba wuya: a cire taya, a kwance notocin ƙasa da na sama, ta fito ɗungurungum. Hatsarin yana ga notin tsakiya. Sifirin a matse yake da ƙarfin da ke ɗauke da gaban mota, saboda haka duk wanda ya saki notin nan ba tare da ya danne sifirin da na'urar matsewa ba, yana iya rasa yatsu ko ido. Ɗaure shi da igiya ko waya ganganci ne tsantsa. Haka kuma shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

A kasuwar Ladipo da ke Mushin ake samun sabuwa da tokumbo. Wadda ke yoyon mai, ko wadda sandarta ke nutsewa babu turjiya idan an danna, ta gama aiki. Biyu ake canjawa tare, dama da hagu, in ba haka ba mota za ta riƙa karkata idan an taka birki. Daga nan dole a kai ta gareji a daidaita tayoyi, domin wanda ya tsallake wannan zai mayar da abin da ya tsimi wajen sayen sababbin tayoyi.